Malami Ne Ke Fara Gani, Likita Ne Ke Tabbatarwa

A nan unguwarmu ta Giginyu na san wani ɗalibin sakandare wanda a da ba a wuce shi a darasin nazarin halittu. Kwatsam sai ya koma barci a aji, ya daina magana da kowa. Aka ce lalaci ne, aka haɗa masa da bulala. Sai bayan shekara guda likita ya gano ciwon damuwa ne ke cin sa.

A kimiyyance, idan fargaba ta daɗe a ran mutum, wasu 'yan gaɓoɓi da ke bisa ƙoda sukan yi ta zuba sinadarin kotisol cikin jini. Yawan wannan sinadari kuwa yakan raunana sashen ƙwaƙwalwa mai adana abin da aka koya. Ke nan, dukan irin wannan yaro ƙara masa ciwon yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa.

Malami shi ke tare da yaro kullum, don haka shi ke fara ganin canji, amma ba a horar da shi ya gane cuta ba. Likita ya san cutar, amma sau da yawa ba a kai masa yaro sai abu ya yi nisa.

A ganina, ya kamata kowace makaranta ta haɗa malaminta mai ba ɗalibai shawara da wani takamaiman ma'aikacin lafiya a Asibitin Dawanau ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Su riƙa ganawa kowane zangon karatu, da sanin iyaye, a kuma rufa wa yaro asiri.

Wani zai ce likitocin ba su da yawa. Haka ne, amma ai wannan shi ne dalilin haɗin kan. Tun a 1954 Farfesa Adeoye Lambo ya nuna a Aro, Abeokuta, cewa ana iya kula da masu wannan larura tare da danginsu da mutanen gari. Ga kuma Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta kare haƙƙin majinyata.

Ɗalibai, kada kunya ta hana ku faɗin abin da ke damunku. Malamai kuma, kafin a ɗaga bulala, a fara tambayar yaro lafiya.