RA'AYINMU: Akwatin Imel Ajiya Ne, Mu San Hannun Da Muke Ba Amana

Sanin kowa ne cewa a yau takardu da yawa da suka shafi zamanmu a nan Kudu sun tashi daga cikin adaka sun koma akwatin imel. A can ake samun rasidin kuɗin rumfa, da hoton katin ɗan ƙasa, da takardar haihuwar yara, da yarjejeniyar haya ko ta sayen fili. A can ne kuma kwafin koken da aka aika wa lauya, ko Hukumar Kare Haƙƙin Bil'adama ta Ƙasa, yake kwance.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne jerin sunaye. Duk lokacin da fitina ta tashi, kamar wadda aka yi a kasuwar Shasha ta Ibadan a watan Fabrairun 2021, abin da shugabanni kan fara tattarawa shi ne sunayen waɗanda abin ya shafa, da lambobin wayarsu, da unguwanninsu, da ƙiyasin asararsu. Irin wannan takarda a hannun lauya makami ce ta neman haƙƙi. Idan kuwa ta faɗa hannun mugu, an nuna masa ƙofar kowane gida ke nan, an kuma gaya masa wanda ya ba da shaida a kan wa. Don haka zaɓen kamfanin da zai riƙe mana wasiƙu magana ce ta tsaron iyali.

Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar wa kowane ɗan ƙasa sirrin gidansa da wasiƙunsa da maganganunsa na waya, bai kuma ware ɗan gari da baƙo ba. A 2023 an sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ɗora wa duk mai tattara bayanan mutane nauyin tsare su. To amma ya kamata a tuna cewa dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanonin sadarwa ajiye bayanan masu hulɗa da su har shekara 2. Ke nan doka ta ba mu haƙƙi, kulle ƙofa kuwa aikinmu ne.

Yawancinmu Gmail ko Yahoo muke da shi, sau da yawa ma wani yaro ne ya buɗe mana a shagon intanet. Ba mu ce waɗannan kamfanoni ba su da tsaro ba. Matsalar ita ce mabuɗin akwatin yana hannunsu, suna iya ganin abin da ke ciki. Sai a 2017 ne Google ya sanar da daina duba wasiƙun Gmail don tsara talla. A wannan shekarar ce kuma aka tabbatar cewa kutsen da aka yi wa Yahoo a 2013 ya shafi dukkan akwatunansa biliyan 3, inda aka kwashe sunaye da lambobin waya da ranakun haihuwa.

Akwai wasu kamfanonin da suka ɗauki wata hanya dabam. Tun saƙo bai bar wayar mai shi ba ake juya shi ya koma gwaranci, ba mai iya warware shi sai wanda aka aika wa, kamfanin kansa ba ya da mabuɗin. Fitattu a cikinsu su ne Proton Mail, wanda aka kafa a Suwizalan a 2014, da Tuta na ƙasar Jamus, wanda aka sani da Tutanota kafin ya sauya suna a 2023. Dukkansu suna ba da akwatin kyauta, sai dai wurin ajiyar bai kai na Gmail ba, amma ya ishi wasiƙu da takardun gida.

Sai dai fa kada mai karatu ya ɗauka ya sami layar zana. Kowane kamfani yana ƙarƙashin dokar ƙasar da yake. A 2021 hukumomin Suwizalan sun tilasta wa Proton ya miƙa lambar da ke nuna inda wani ɗan fafutikar kare muhalli na Faransa yake shiga intanet, ko da yake abin da ke cikin wasiƙunsa bai fita ba. A 2020 wata kotu a birnin Kolon ta umarci Tutanota ya sa ido kan wani akwati, abin da ya shafi saƙonnin da ke shigowa ba a kulle ba. Darasin a fili yake: kulle yana tsare abin da aka rubuta, amma sawun wanda ya rubuta da wanda aka rubuta wa yakan ragu.

Haka kuma kullen ba ya cika sai ɓangarorin biyu suna gida ɗaya. Idan sakatare ya aika daga Proton zuwa Gmail ɗin lauya, kwafin da ya isa can yana buɗe ga wancan kamfanin, sai fa in an sa wa saƙon kalmar sirri ta musamman, an faɗa wa lauyan baki da baki. Proton kuma ba ya kulle kan wasiƙa irin yadda yake kulle cikinta, Tuta kuwa yana kullewa. Saboda haka kada a rubuta sunan mai ba da shaida a kan wasiƙa.

Duk mai shirin zaɓe, muna ba shi shawara ya yi wa kamfanin tambayoyi huɗu. Shin yana iya karanta wasiƙuna? A wace ƙasa yake, wace kotu ce ke da iko a kansa? Da me yake samun kuɗi, talla ko kuɗin masu biya? Sannan idan na manta kalmar sirri, me zai faru? Wannan ta ƙarshe tana da nauyi, domin a irin waɗannan akwatuna wanda ya manta kalmarsa, bai kuma adana kalmomin ceto da aka ba shi ranar buɗewa ba, yana iya rasa tsofaffin wasiƙunsa gaba ɗaya. A rubuta su a takarda, a ajiye inda ake ajiye takardar gida. A kuma riƙa leƙa akwatin, don na kyauta da aka daɗe ba a buɗe ba akan rufe shi.

Ra'ayinmu dai shi ne, ya kamata shugabannin ƙungiya da fadar Sarkin Hausawa su mayar da duk wasiƙun da suka shafi ƙara da koke da jerin sunaye zuwa akwati mai kulle, da sunan ƙungiya, ba akwatin wani mutum guda ba. A san mutum nawa ke riƙe da kalmar sirri, a kuma sauya ta duk ranar da aka sauya sakatare. A roƙi lauyoyinmu su buɗe irinsa. Magidanci kuwa ba sai ya yar da tsohon akwatinsa ba, yana iya barinsa don harkar yau da kullum, ya keɓe sabon don takardu masu nauyi.

Daga ƙarshe, masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma yawancin tsagar daga wajenmu take. Wanda ya bar yaron shago ya zaɓa masa kalmar sirri, ko ya tashi daga kwamfutar haya bai fita daga akwatinsa ba, ba kamfanin da zai cece shi. Haka wanda ya haɗa imel ɗinsa da layin waya, ya tafi gida noma ya bar layin ya mutu, ya sani cewa kamfanonin waya kan sake sayar da irin wannan lamba ga wani. Muna kira ga matasanmu masu ilimin kwamfuta su zauna da iyayenmu maza da mata su koya musu, amma su kau da kai lokacin da ake rubuta kalmar sirri.

Mutanen da suka ba mu sunayensu sun yi haka ne don sun yarda da mu. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya kuma zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, amin.