Maganar Jak Ga Masu Motar da Lodi Ya Kwantar

 Yau ba farashin gero ko dawa za mu taɓa ba, wannan yana nasa shafin. Maganar jak za mu yi, watau ƙarfen nan da ake ɗaga mota da shi idan taya ta yi faci. La'alla wani ya ce, me ya haɗa mai sayar da hatsi da jak, ai wannan sha'anin direba ne da bakanike? To, mu mun ce sha'aninmu ne, domin mu ne muke ɗora wa motar nan abin da yake kwantar da ita.

Ga dalilin da ya sa muka ɗauko maganar. A kakar da ta wuce mun taso daga wata kasuwar ƙauye za mu Dawanau, da buhu 10 na masara a cikin ƙaramar mota wadda aka cire wa kujerun baya. Bayan magariba tayar baya ta fashe. Direba ya ɗauko jak irin mai kamar kwalba, ya tura, bai shiga ba, don motar ta yi ƙasa ƙwarai. Sai yaron mota ya durƙusa ya tone yashi da hannu, aka zaunar da jak a cikin ramin, aka ɗaga, aka cire taya. Ana cikin jawo safaya sai yashin ya zame, motar ta faɗo gaba ɗaya. Yaron nan bai fi ƙiftawar ido da janye hannunsa daga ƙarƙashi ba. Allah ya kiyaye. Daren nan a daji muka kwana bayan mun sauke buhunan da hannunmu, kasuwar safe kuwa ta wuce mu. Amma ba asarar cinikin ce ta hana mu barci ba. Tunanin abin da za mu je mu faɗa wa mahaifin yaron ne, da abin ya zo da ƙarar kwana.

Mu da muka tashi zamanin akori-kurar Peugeot, wadda aka fara haɗa irin motocinta a Kaduna tun 1975, mun saba da mota mai tsawon ƙafa, kowane jak ka tura mata zai shiga. Ƙananan motocin da ake lodi da su yanzu ba haka suke ba. Tun daga ƙira a ƙasa suke, sa'an nan mu ƙara musu. A birnin Los Angeles na Amurka, a wajen shekarun 1940, samari sun riƙa zuba buhunan yashi a bayan mota da gangan don ta kwanta, su ado ne a wurinsu. Mu namu buhunan na neman abinci ne, amma ƙarfe bai san bambanci ba. Saboda haka jak ɗin da aka ƙera don motocin ado da na tsere, masu jan ciki, shi ne ya dace da tamu.

Jak ɗin ƙaramar mota iri uku ne a kasuwa. Akwai mai kamar almakashi, wanda yake zuwa tare da mota. Shi yana shiga wuri matsattse, amma an yi shi ne don canza taya a mota mai kaya daidai, ba wadda aka danne ba. Akwai mai kamar kwalba, mai aiki da mai. Yana da ƙarfi da araha, amma ko an sauke shi duka tsayinsa yakan kai wajen santimita 18 zuwa 20. Sai na uku, mai kwanciya a ƙasa kamar kada, mai ƙananan tayoyi da dogon hannu. Wannan ma kashi biyu ne: na gama-gari bakinsa yakan sauka zuwa wajen santimita 13, akwai kuma mai siririn baki da yakan sauka zuwa santimita 8 ko 9. Mai siririn bakin nan shi muke ba da shawara a kai, bisa sharuɗɗa huɗu.

Sharaɗi na farko, a yi awo kafin a je shago. Abin mamaki ne, ɗan kasuwar da ba zai karɓi buhu ba sai ya soka ya duba ƙwaya, shi ne zai shiga Ƙofar Ruwa ko Panteka ya ce a ba shi jak mai tan 3, ya biya ya fito. Tan ƙarfi ne, ba tsayi ba. A loda motar kamar yadda aka saba, a sa tef a auna daga ƙasa zuwa wurin da ake kafa jak, watau ɗan tsagin nan da yake bayan tayar gaba da gaban tayar baya. Sa'an nan a tuna ranar da za a nemi jak ba iska a tayar. Tayar da aka rubuta wa 175/70, tsayin robarta daga ƙarfe zuwa ƙasa wajen santimita 12 ne, kuma idan ta sace mafi yawansa ya tafi. Wanda yake son ya tabbatar, ya sace tayar a ƙofar gida da rana, ya auna. Lambar da ya samu ita zai kai shago. A tambayi kuma iyakar tashin jak ɗin, domin wani ƙarami yakan tsaya wajen santimita 33, manya kuwa sukan kai 45 zuwa 50. Jak ɗin da ya shiga amma ya kasa raba taya da ƙasa bai yi komai ba.

Sharaɗi na biyu, ƙarfi, kuma lissafinsa namu ne na kullum. Buhu 10 masu kilo 100 tan ɗaya ke nan. Mota irin Golf tsohon yayi, ba kowa a ciki, ta ɗan haura tan ɗaya. Haɗa su da mutum biyu, an wuce tan 2, alhali masu ƙera ta wajen nauyin buhu biyar suka yarda ta ɗauka, har da direba a ciki. Ƙa'idar da masu sana'a suke bi ita ce jak ya iya ɗaukar kashi uku cikin huɗu na nauyin mota duka. To, mai tan 2 shi ne mafi ƙaranci, mai tan 3 ya fi kwanciyar hankali. Akwai na alminiyam mai sauƙin ɗauka, akwai na ƙarfe mai nauyi wanda ya fi araha da jure wahala. Wannan kowa ya duba aljihunsa.

Sharaɗi na uku, a gwada a gaban mai shago. A ɗaga mota da shi, a bar ta a sama, a gama ciniki da gaisuwa, sa'an nan a dawo a duba. Idan ta sauka ko da faɗin yatsa ne, ko aka ga mai yana tsattsafowa, a mayar. A kuma murɗa hannun a ga ko yana saukewa a hankali ko sakin kaya yake yi gaba ɗaya. Ku sani, abin da yake riƙe da tan biyun nan mai ne da wata 'yar roba da ɗan ƙaramin murfi a ciki. Ranar da robar ta gaji ba ta sallama.

Sharaɗi na huɗu, kuma shi ne ba a faɗa a shago, jak ba ya tafiya shi kaɗai. Mai kwanciyar nan, yayin da hannunsa yake tashi, dole jikinsa ya riƙa gangarawa kaɗan-kaɗan zuwa ƙarƙashin mota. A kan siminti yana yi. A cikin yashi tayoyinsa nutsewa suke, sai bakinsa ya riƙa zamewa daga inda aka kafa shi. Don haka a ajiye katako mai kauri da faɗi wanda zai zauna a kai. A ajiye wani guntun katakon kuma, domin akwai ranar da ko mai siririn bakin ba zai shiga ba, sai an tuƙa tayar da ta sace ta hau katako tukuna. A haɗa da weji na tare taya, da matokarin ƙarfe guda biyu da ake sa wa mota bayan an ɗaga ta. Bulon siminti ba matokari ba ne, fashewa yake ba shiri. Kuma kada wanda ya sa hannu ko kai a ƙarƙashin motar da jak kaɗai yake riƙe da ita. A ja birkin hannu, a sa giya, a sassauta notuna tun taya tana ƙasa, a kwantar da safaya a ƙarƙashin gefen da aka ɗaga. In da hali a rage buhuna kafin a fara.

Mun san amsar da za a ba mu a rumfa. Za a ce wannan jak ya fi na kwalba tsada, ga nauyi, ga cin wurin da buhu zai zauna. Gaskiya ne duka. Za a kuma ce ai direba ne ya kamata ya saya. A nan muka saɓa. Direban da yake kawo kuɗin mota kullum, abin da ya rage masa na cefane ne, mafi araha zai saya. Mai mota shi zai saya, mai kaya kuma da dillalin da suke cewa a ƙara buhu biyu ai za ta ɗauka, su ma da hannunsu a ciki. Ba daidai ba ne ribar lodi ta shiga aljihunmu, hatsarinsa kuma ya faɗa kan ɗan wani.

Abin da muke roƙo kaɗan ne. Kafin motarka ta fita wannan kakar, Alhaji, ka ce a buɗe bayanta ka ga jak ɗin da idonka, ka sa a tura shi ƙarƙashinta tana da lodi. Idan bai shiga a ƙofar rumfa ba, ba zai shiga a daji ba. Mu dai mun sayi namu, mun kuma rage buhu biyu daga lodinmu.

Allah ya kai kowa gida lafiya, ya sa albarka a nema. Haza wassalam.