Maganin Ƙasar Sin: Gubar da ta Warkar da Ciwon Daji, da Saiwar da ta Jawo Shi

Da wuya a shiga ɗakin dattijon da ya daɗe yana jinya a garuruwanmu ba a tarar da wata kwalba ko fakitin shayi mai rubutun mutanen Sin ba. Wani ɗa ne ya aiko daga Legas, wani kuwa maƙwabciya ce ta kawo, ta ce wance ta sha ta miƙe. In kuma likita ya ambaci ciwon daji, to, kwalaben sukan ninka. A cikinmu akwai masu cewa maganin gargajiyar Sin ya fi na asibiti, gama ya shekara dubbai. Akwai kuma masu cewa duk damfara ce. A ganinmu dukansu sun yi gaggawar yanke hukunci. Bari mu kawo labari biyu, waɗanda suka fito daga rumbun magani ɗaya.

Akwai wani irin ciwon daji na jini da likitoci suke kira APL. A jikin mai lafiya, ɓargo yakan ƙera fararen ƙwayoyin jini, su yi girma, su fita aikin tsaron jiki, su tsufa su mutu. A wannan ciwo kuwa ƙwayoyin sukan tsaya a ƙuruciya, ba girma, ba mutuwa, sai yawaita har su cika ɓargo. Jinin mutum ya daina daskarewa, ya riƙa zuba ta dasashi da hanci, wani lokaci har cikin ƙwaƙwalwa. A dā makonni kaɗan sun isa ya kai mutum kabari.

A farkon shekarun 1970, a lardin Heilongjiang da ke arewa maso gabashin Sin, wani mai haɗa magani a asibitin jami'ar birnin Harbin, mai suna Han Taiyun, ya ji labarin wani mai maganin ƙauye da yake ba masu ciwon daji wani haɗi. Abu uku ne a ciki: arsenik, da zaiba, da dafin kwaɗo. Arsenik dai guba ce sananniya, wadda aka daɗe ana kashe ɓeraye da ita, har da mutane. A 1971 aka mai da haɗin ya zama allura. Waɗansu majinyata suka ji sauƙi, waɗansu kuwa suka sha wuya ƙwarai.

Abin da Likita Zhang Tingdong ya yi bayan wannan shi ne zuciyar labarin. Bai ce ai na kakanni ne, a bar shi yadda aka gada ba. Bai kuma zubar da shi don ya fito daga ƙauye ba. Shi da abokan aikinsa suka rarrabe abubuwan nan uku, suka gane cewa zaiba tana ɓata ƙoda, dafin kwaɗo yana ta da hawan jini, arsenik ne kaɗai yake taɓa ciwon. Suka ci gaba da rubuta abin da ya faru da kowane majinyaci. Sun buga rahoton farko a 1973, kafin 1979 kuma suka ga cewa a cikin cututtukan daji na jini, masu APL ne maganin ya fi yi wa aiki.

A Shanghai kuma, wani likita, Wang Zhenyi, yana bin wata hanya dabam. Tunaninsa shi ne, tun da yake ƙwayoyin sun ƙi girma ne, me zai hana a tilasta musu girma maimakon a kashe su? Ya ba wata yarinya 'yar shekara 5, wadda aka riga aka fid da rai a kanta, wani magani dangin bitamin A mai suna ATRA. Ta tashi. A 1988 ya buga sakamakon majinyata 24, inda 23 ciwon ya ɓace daga jininsu. Sai dai ga masu yawa yakan komo bayan watanni.

Masu binciken ƙwayoyin halitta ne suka warware dalilin. A cikin kowace ƙwayar jikinmu akwai igiyoyin gado guda 46, biyu biyu. Ga mai APL, igiya ta 15 da ta 17 sukan karye, su yi musanyar gutsattsari, daga mahaɗar kuma a sami wani gurɓataccen sinadari wanda shi ne yake riƙe ƙwayar kada ta girma. ATRA yana kama wannan sinadari ta gefe ɗaya. A 2010 masu bincike a Shanghai suka nuna cewa arsenik yana kama shi ta ɗaya gefen, ya sa ƙwayar ta narkar da shi da kanta. Watau magungunan biyu maƙiyi ɗaya suka sa a tsakiya.

Duk da haka duniya ba ta yarda da baki ba. A 1998 likitoci a Niu Yok suka gwada arsenik a kan mutum 12 da ciwon ya komo musu, 11 suka farfaɗo. A shekarar 2000 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi. A 2013 wani babban gwaji a Italiya da Jamus ya kasa majinyata kashi biyu. Waɗanda aka ba ATRA da arsenik, 97 cikin 100 suna nan lafiya bayan shekara biyu. Waɗanda aka ba ATRA da magungunan daji na asibiti da aka saba, 86 ne. Ciwon da yake cikin mafi saurin kisa ya koma cikin waɗanda aka fi warkarwa.

A lura fa, daga 1971 zuwa 2013 shekara 42 ke nan. A lura kuma da yadda ake bayar da shi: likita ne yake auna shi bisa ga nauyin majinyaci, yana duba bugun zuciya da na'ura, yana gwada jini, gama maganin yana iya rikita zuciya. Arsenik ɗin nan da ya warkar da APL, shi ne a rijiyoyin ƙasar Bangaladesh yake jawo wa mutane ciwon daji na fata da huhu da mafitsara.

Mu ma a nan mun ci moriyar irin wannan aiki, ko da ba mu sani ba. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba mu yanzu a asibiti ya samo asali ne daga wani tsiro dangin tazargade, wanda Tu Youyou da abokan aikinta suka tsamo bayan sun tattara haɗe-haɗen gargajiya fiye da 2,000. An ba ta lambar yabo ta Nobel a 2015. Masu talla suna son ambaton wannan lambar, amma ba mu taɓa jin sun ambaci sauran da aka gwada aka ajiye ba.

Labari na biyu ba shi da daɗi. Tsakanin 1990 da 1992, wani asibitin rage ƙiba a birnin Burusel na ƙasar Beljiyam ya riƙa ba mata ƙwayoyi masu ɗauke da saiwoyin Sin. Aka sami kuskure a sunan saiwa ɗaya, gama sunayensu a harshen Sin sun yi kama. Aka sa wata daga dangin tsiron da masana suke kira Aristolokiya. Mata fiye da 100 ƙodarsu ta lalace, da yawa suka koma kan wankin ƙoda. A shekarar 2000 likitoci suka ba da rahoton mutum 39 da aka cire musu matattun ƙodojin don rigakafi: 18 daga cikinsu an tarar suna da ciwon daji a hanyar fitsari.

Kada wani ya ce ai kuskuren Turawa ne kawai. Dangin wannan tsiro suna cikin littattafan maganin Sin tun ƙarnoni, ana ba da su don kumburi da ciwon gaɓoɓi da tari. Me ya sa masu hikimar dā ba su gane ba? Domin gubar ba ta kisa a ranar. Takan manne wa igiyoyin gado, ta canja rubutunsu, ciwon kuma ya fito bayan shekaru masu yawa, lokacin da ba wanda zai tuna da shayin da aka sha. Mai magani yana iya ganin wanda ya sha ya yi amai nan take, amma wanda zai yi fitsarin jini bayan shekara goma ya fi ƙarfin idonsa. A tsibirin Taiwan, bincike ya nuna cewa wajen mutum ɗaya cikin uku an taɓa rubuta masa irin waɗannan saiwoyi tsakanin 1997 da 2003, tsibirin kuwa yana cikin wuraren da ciwon daji na hanyar fitsari ya fi yawa a duniya. A 2017 aka duba ciwon daji na hanta guda 98 daga can, aka ga tambarin wannan guba a kashi 78 cikin 100. Gwamnatin Sin da kanta ta hana waɗansu daga cikin saiwoyin a 2003 da 2004.

To, me ya sa muka ce wannan magana ta fi shafar tsofaffi? Na fari, ciwon daji ya fi yawa a tsufa, gama kurakuran da suke shiga igiyoyin gado taruwa suke yi shekara bisa shekara. Na biyu, ƙodar tsoho ba ta tace jini kamar ta saurayi, abin da jikin ɗan shekara 30 zai fitar, na ɗan 75 zai riƙe. Sannan da wuya a sami dattijon da ba ya shan maganin hawan jini, ko na sukari, ko na tsinka jini. Saiwar da mutanen Sin suke kira danshen, in ta haɗu da warfarin, maganin tsinka jini, tana iya sa mutum zubar jini. Ga kuma algus. Wani bincike a Taiwan a 1997 ya gwada samfura 2,609 na maganin gargajiya, ya tarar kusan kashi 24 cikin 100 an zuba musu magungunan asibiti a ɓoye. A Amurka, wani haɗin saiwoyi takwas mai suna PC-SPES ya yi kasuwa a wurin dattijai maza masu ciwon daji na mararsu, har zuwa 2002 da aka janye shi bayan an tarar da warfarin a ciki.

Amma abin da ya fi ba mu tsoro shi ne ɓata lokaci. Masu bincike a Jami'ar Yel ta Amurka sun bi sawun majinyata 281 da suka ƙi maganin asibiti suka zaɓi waɗansu hanyoyi kaɗai, suka buga a 2018 cewa haɗarin mutuwarsu ya ninka na sauran sau biyu da rabi. Ba maganin Sin kaɗai suka duba ba, kowane iri ne. Ƙullutun da ake iya cirewa a watan Janairu, in aka tsaya shan shayi har Satumba, sau da yawa ya riga ya kai hanta ko ƙashi.

Ba za mu zargi iyalan da suke sayen kwalaben nan ba. Mun san kuɗin asibiti, mun san nisan garuruwan da suke da na'urar gasa ciwon daji, mun san yadda ake zuwa a ce ta lalace. Mun kuma san mai tallar magani yakan zauna ya saurari Baba na awa guda, likita kuwa minti biyar ne yake da shi. Wanda ya ga mahaifiyarsa tana ramewa zai kama duk igiyar da aka miƙo masa. Laifin yana kan masu miƙa igiyar da suka san ba a taɓa gwada ta ba, suna kuma karɓar kuɗin da ya kamata ya tafi wurin gwaji da tiyata. Lambar NAFDAC da suke nunawa ma a karanta ta da kyau. Irin rajistar da hukumar take yi wa yawancin magungunan gargajiya tana duba ko za su cutar ne, shi ya sa a jikin kwalbar akan rubuta cewa hukumar ba ta tabbatar da abin da aka ce maganin yana warkarwa ba.

In kuwa muna neman abin da za mu aro daga Sin domin tsofaffinmu, akwai wanda aka gwada, ba kuwa a sayar da shi a kwalba. Motsa jikin nan ne na sannu a hankali da suke kira taici, wanda dattijansu suke yi da sassafe a fili. A 2018 wani gwaji a Amurka a kan mutum 670 masu shekara 70 zuwa sama ya nuna cewa masu yinsa sun rage faɗuwa da kashi 58 cikin 100 idan aka gwada da masu miƙe gaɓoɓi kawai. Ba ya warkar da ciwon daji, masu gwajin ma ba su ce yana yi ba. Amma duk wanda ya taɓa jinyar tsohuwar da ta karye a ƙugu ya san darajar wannan lissafi.

'Yan'uwa, mu da muke zuwa gaishe da marasa lafiya, mu ne muka fi kai musu waɗannan magunguna, da kyakkyawar niyya. Kafin mu miƙa, mu tambayi mai sayarwa: a kan wane ciwo aka gwada shi, mutum nawa, nawa ne suka rayu bayan shekara biyu? Masu arsenik suna da amsar kowace ɗaya. In ya ce yana maganin daji da sukari da basur da rashin haihuwa gaba ɗaya, mu mai da kuɗinmu aljihu. Wanda kuma Baba ko Mama suka riga suka fara sha, kada a ɓoye. Ranar komawa asibiti a tattara kwalaben duka da fakitocin shayin a leda ɗaya, a ajiye a kan teburin likita, ko da zai yi faɗa.