Mai Tuƙi Da Mai Jefa Birgi

Na san wani zai ce me ya haɗa ɗan Mairuwa da wasan zamiya a kan ƙanƙara, alhali kuwa ƙanƙarar da muka sani biyu ce rak: garin Ƙanƙara, da wadda kan zubo da damina ta ragargaje ganyen dawa. Ku yi mini haƙuri, akwai dalili.

A ƙasashen sanyi akwai wani wasa da mace da namiji kan ɗaura takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasansu, su yi ta zamiya bisa daskararren ruwa suna bin kiɗa, har namijin ya ɗaga macen sama da kansa yana juyi da ita. Abin da ya ja hankalina shi ne alƙalai ba su ba kowa makinsa daban. Maki ɗaya ne na su biyun, in ɗaya ya faɗi to duka sun yi asara.

Gwanar wannan wasa ita ce Irina Rodnina ta tsohuwar Tarayyar Sobiyet. Ta ci gasar duniya sau 10 a jere, daga 1969 zuwa 1978, huɗun farko tare da Alexei Ulanov, wanda kuma da shi ta ci zinariyar Olimfik a Sapporo ta Japan a 1972. Ana gab da gasar duniya ta wannan shekara ta kuɓuce daga hannunsa wajen gwaji, kanta ya bugu har aka kwantar da ita asibiti, amma ta tashi ta koma ta yarda ya sake ɗaga ta, suka ci. Bayan haka Ulanov ya rabu da ita ya koma wasa da Lyudmila Smirnova, wadda ya aura. Malaminta Stanislav Zhuk ya haɗa ta da wani saurayi, Alexander Zaitsev. A Bratislava a 1973 suna tsakiyar wasa kiɗa ya ɗauke, ba su tsaya ba, suka ƙarasa cikin shiru ƙafa da ƙafa, suka zo na ɗaya, Ulanov da matarsa na biyu. Da Zaitsev ɗin ta ƙara zinariya biyu, a 1976 da 1980.

To, ga inda nake ja da masu ba da labarin. Cewa suke yi tun da ta ci da mutum biyu, ashe gwanintar duk tata ce. Ni ban yarda ba. Wadda ke sama ido ke gani, amma wane ne ya riƙe ta? Kuma wa ke tuna Andrei Suraikin, wanda Smirnova ta ci azurfar Sapporo da shi, ta bar shi a tsaye?

Wannan hali ba na Turawa kaɗai ba ne. Je ka madatsar ruwan Mairuwa da asuba, za ka ga mutum biyu cikin kwalekwale, ɗaya na tuƙi ɗaya na jefa birgi, amma a kasuwa mai birgi ake kira masunci. Funtuwa na nan kusa da mu, ba yaron da bai san Mamman Shata ba. A cikinmu masu karatun Hausa, mutum nawa ne za su iya kawo sunan makaɗan kalangunsa ko da uku?

Abin ya fi muni a ofis. Akawu ya kwana yana haɗa rahoto, maigida ya sa hannu, sunan maigida ya tafi gaba, shi aka ƙara wa girma. Mu ma a nan jami'a, wanda ya yi jawabi ranar bikin ƙungiya shi ake tafa wa, wanda ya yi ta zirga-zirgar neman kujeru da kuɗin buga wannan mujalla kuwa ko a shafin baya ba a ambace shi ba. Gobe mu ne za mu hau kujerun nan, kuma da abin da muka saba za mu hau su.

Don haka ina roƙon shugabannin ƙungiya, daga fitowa ta gaba a riƙa buga sunan mai buga tafireta da mai gyaran rubutu a shafi ɗaya da na edita, da harufa masu girma ɗaya.