Sharhi: Binciken Malaman Makarantar Kasuwanci ta Legas da Abin da Ya Rage

A cikin watan Janairu na 1925 ba a san wata makarantar koyon kasuwanci ba a duk faɗin Nijeriya, amma fatake na kai shanu kurmi suna komowa da goro, ana ba da bashi ana biya ba tare da takarda ba. Shekara ɗari bayan haka, a watan Janairu na 2025, Makarantar Koyon Kasuwanci ta Legas ta yi sabuwar shugaba, Furofesa Olayinka David-West, wadda ta yi suna wajen binciken yadda talakawa ke hulɗa da bankuna da sauran hanyoyin ajiya da aika kuɗi. Wannan naɗi ya isa dalilin da 'yan kasuwa za su tsaya su duba abin da malaman makarantar suka cim ma, da kuma ko binciken nasu ya taɓa isa wurin masu saye da sayarwa.

An kafa makarantar a 1991, a lokacin da shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin soja ya jefa masana'antu da yawa cikin mawuyacin hali. A 1996 ta fara ba da babban digirin harkokin kasuwanci ga manyan ma'aikatan kamfanoni tare da haɗin gwiwar makarantar IESE ta birnin Barcelona a ƙasar Spain. A 2002 ta zama ginshiƙin wata jami'a mai zaman kanta, wadda tun 2013 ake kira Jami'ar Pan-Atlantic. Tun daga 2007 sunanta ke fitowa a jerin da jaridar Financial Times ta Ingila ke yi na makarantun horar da shugabannin kamfanoni, kuma a 2016 ta zama ta farko a Afirka ta Yamma da ta sami shaidar inganci daga ƙungiyar AACSB ta Amurka.

Waɗannan nasarori ne da babu mai raina su. Sai dai kuma shaidar da aka rataye a bangon ofis ba ta rage wa ɗan kasuwa ko kwabo a kuɗin ruwan da banki ke karɓa. Ma'aunin da ya dace a auna makarantar kasuwanci da shi, shi ne ko malamanta sun gano wani abu game da kasuwar ƙasarsu wanda a da ba a rubuta shi ba, da kuma ko abin da suka gano ya canza shawarar wani mai mulki ko mai jari.

Idan aka auna da wannan mudu, aikin malaman ya fi armashi a duk inda suka ajiye littattafan Turai da Amurka suka fuskanci Nijeriya. A 1996 Juan Elegido, wanda daga baya ya zama shugaban jami'ar, ya wallafa littafi a kan ɗa'ar kasuwanci ta fuskar ƙasashe masu tasowa, inda ake fama da cin hanci da raunin shari'a. A 2018 Uchenna Uzo da wani takwaransa na ƙasar Kenya suka tattara nazarce-nazarce a kan dabarun gudanarwa na gargajiya a Afirka. A 2020 Ogechi Adeola ta shirya littafi a kan tsarin koyon sana'a na ƙabilar Ibo, inda yaro ke yi wa ubangida hidima na wasu shekaru a shago, daga ƙarshe a sallame shi da jari ya buɗe nasa. Tsarin da aka daɗe ana gani a kasuwannin Anacha da Aba da Alaba ya zama darasin da ake koyarwa a aji.

Haka kuma shirin binciken da David-West ta jagoranta, da tallafin Gidauniyar Bill da Melinda Gates, ya shafe shekaru yana fitar da rahotanni a kan dalilan da ke hana mutane buɗe asusu, kamar nisan reshen banki, da rashin takardar shaida, da ƙarancin abin ajiyar kansa. Matsalar babba ce. A 2012 Babban Bankin Nijeriya ya ƙuduri rage yawan manyan mutanen da ba su da wata hulɗa da harkar kuɗi zuwa kashi 20 cikin ɗari kafin 2020. Da shekarar ta zo, binciken ƙungiyar EFInA ya nuna adadin yana wajen kashi 36 cikin ɗari, sai a 2023 ya sauko zuwa kashi 26, kuma arewa maso yamma da arewa maso gabas su ne a baya.

Ta fuskar kusanci da masu mulki ma makarantar ba ta rasa murya ba. Dokta Doyin Salami, malamin tattalin arziki a can, ya yi shekaru a kwamitin tsara manufofin kuɗi na Babban Banki, ya shugabanci majalisar ba Shugaba Muhammadu Buhari shawara a kan tattalin arziki daga 2019, kana aka naɗa shi babban mashawarci a 2022.

Duk da haka, abin da ya faru wajen canjin takardun naira ya nuna irin tazarar da ke tsakanin ilimi da zartar da hukunci a ƙasar nan. A watan Oktoba na 2022 Babban Banki ya ba da sanarwar sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, kuma Ministar Kuɗi ta lokacin, Zainab Ahmed, ta shaida wa majalisa cewa ba a tuntuɓi ma'aikatarta ba. A farkon 2023 kuɗi suka yi wuyar samu, masu kawo tumatir da albasa kasuwar Mile 12 suka rasa masu saye da tsaba, kayan gwari suka ruɓe, masu na'urar POS suka tsawwala lada, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun. Yawan mutanen da ba su da asusu ba ɓoyayyen abu ba ne a lokacin, domin yana cikin rahotannin da aka riga aka buga. Binciken yana nan, masu yanke shawara ne ba su yi aiki da shi ba.

Akwai kuma giɓi na biyu, wanda ya fi shafar 'yan kasuwar arewa. Hausawa na da tsarin ciniki mai tsari da ƙa'ida, wanda har yau ke ciyar da Legas da nama da hatsi da kayan miya. Akwai maigida mai saukar da baƙin fatake ya tsaya musu a kan bashi, akwai dillali mai haɗa mai saye da mai sayarwa ya karɓi la'ada, akwai yaran gida da ke tashi su zama masu jarin kansu, akwai adashi da ke zama bankin mata da ƙananan 'yan tireda. Amma fitattun nazarce-nazarce a kan wannan tsari baƙi ne suka yi su, kuma sun tsufa. Abner Cohen ya bayyana cinikin shanu da goro na Sabon Ibadan a 1969, Paul Lovejoy kuma ya rubuta tarihin fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja a 1980. Wayar salula da aika kuɗi ta banki sun canza wannan ciniki matuƙa, kuma ya cancanci irin kulawar da tsarin Ibo ya samu.

Wannan nauyi bai rataya a wuyan makarantar Legas ita kaɗai ba. Jami'ar Bayero ta Kano na da Makarantar Kasuwanci ta Dangote, wadda aka buɗe gininta a 2018, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ma na da tata. Hanyar kasuwancin da ta taso daga Dawanau ta ƙare a Mile 12 hanya ɗaya ce, don haka babu dalilin da zai hana malaman Kano da na Legas su bi tirela ɗaya daga lodi zuwa sauke kaya, su ƙididdige abin da ake kashewa a kan mai, da shingayen hanya, da harajin jihohi, da asarar kayan da suka lalace. Ƙungiyar 'yan kasuwa da ke riƙe da irin waɗannan alƙaluma za ta fi samun kunnen gwamna fiye da wadda ta je da koke kawai.

Sannan akwai batun harshe da tsada. Yawancin abin da malaman ke rubutawa na fitowa ne da Turanci a mujallun ƙetare da ake saye da kuɗin waje, domin da su ake auna ƙarin girman malami. Mai shago a Kantin Kwari ko Idumota ba zai taɓa ganinsu ba. Ya kamata makarantun su ɗauki taƙaita sakamakon bincike cikin Hausa da Yarbanci da Ibo, da watsa shi ta rediyo, a matsayin wani ɓangare na aikin malami da ake ba shi lada a kai.

Su ma 'yan kasuwa da nasu alhakin. Malami ba zai rubuta abin da aka ɓoye masa ba, kuma attajirai da yawa na ɗaukar duk mai tambaya a kan ciniki tamkar jami'in haraji. Gidajen kasuwanci da dama sun rushe bayan rasuwar masu su saboda ba a rubuta yadda ake tafiyar da su ba, magada suka raba dukiya, sana'ar ta tafi tare da maigida. Ƙungiyoyin ciniki da masana'antu na Kano da Kaduna da Legas na da halin ɗaukar nauyin irin wannan bincike, su gindaya sharaɗin kare sirrin mambobinsu, su kuma nemi a kawo musu sakamakon a harshen da suke ciniki da shi.