Rubuta sunan yaro a bayan hoto

Ɗan'uwa, ƴar'uwa, ina hoton yaronku yake? Za ku ce yana cikin waya. To, in wayar ta faɗa rijiya fa? In an sace ta ran kasuwa fa? Shi ke nan, hoto ya tafi.

Ku ji yadda aka yi a Amurka. A wajen 1830 babu na'urar ɗaukar hoto. Sai a 1839 aka fito da ita a Faransa. Kafin ta yaɗu, masu zane ke yawo gari gari da fenti. Mai hali ya kira su, su zana masa ɗansa, ya rataya a ɗaki.

Ɗaya daga cikinsu shi ne Joseph Whiting Stock. Yana da shekara 11 amalanken shanu ya faɗa masa, ƙafafunsa suka mutu. A haka ya koyi zane. Daga 1832 zuwa 1846 ya zana hoto fiye da 900, kuma yana da littafi inda yake rubuta sunan wanda ya zana da kuɗin da aka biya shi. Wasu yaran ma sai da suka rasu aka kira shi. Lokacin nan ciwo na kwasar yara ƙwarai, uwa kuwa tana son abin da za ta riƙa dubawa.

Wani mai zanen, Ammi Phillips, ya zana wata yarinya mai jar riga. Tana rungume da farar kyanwa, ga kare kwance kusa da ita. Hoton yana nan a birnin New York, mutane na zuwa kallonsa. Amma har yau ba a tabbatar da sunanta ba. Ku duba fa! Iyaye sun kashe kuɗi, fuska ta tsira, suna ya ɓata.

Nan Tebaram, da Adar baki ɗaya, mazanmu na tafiya biɗa Abijan ko Libiya. Wani ya bar jinjiri a goye, ya dawo ya tarar da shi yana gudu. Hoto na da amfani gare mu. Na sani wani zai ce gara a sayi hatsi da kuɗin. Gaskiya ne, ciki ne gaba. Amma hoto guda ai bai kai tsadar ragon suna ba.

Ni a ganina, in kun shiga Tawa, ku ba mai hoto ya fitar muku da guda ɗaya bisa takarda. Ku juya bayansa, ku ɗauki biro. Yanzu kun iya rubutu, ba sai kun roƙi kowa ba. Ku sa sunan yaro, sunan ubansa, sunan uwarsa, garinku da shekara. Ku sa shi cikin leda tare da takardar haihuwa, ku aje inda gara ba ta kai.