Karma ba ƙaddara ba ce, ba kuwa alhaki ba ce

Malamai da attajirai masu karatun wannan shafi, akwai wata baƙuwar kalma da ta shigo bakin samarinmu, ana jinta a kasuwa da tasha. In ɓarawo ya faɗa rijiya, ko rumfar azzalumi ta yi gobara, sai ka ji an ce, ai karma ce. Sun ɗauke ta daidai da maganarmu ta alhaki kwikwiyo ne, mai shi yakan bi. Waɗansu malamai kuwa, da suka ji daga Indiya ta fito, sai suka fassara ta da ƙaddara. A ganina duka biyun sun saki hanya. Tun da fatakenmu suna zuwa saro kaya har Bankok, babban birnin Tailan, inda galibin jama'a mabiya Buda ne, ya kamata mu san abin da masu kalmar ke nufi da ita. Ba mu ne farau ba. Shaharastani, wanda ya rasu a 1153, ya kawo labarin mabiya Buda cikin Al-Milal wan-Nihal, wannan kuwa bai rage masa kome a malanta ba.

Gotama Buda ya yi zamani a arewacin Indiya wajen ƙarni biyar kafin haihuwar Annabi Isa. Ya tarar da kalmar a bakin mutanensa, ma'anarta aiki, malaman Barahmana kuwa sun fi nufin aikin yanka da tsafe-tsafe da ita. Shi sai ya mai da ita ga niyya. A koyarwarsa karma ita ce abin da mutum ya nufa, sa'an nan ya aikata da jiki, ko da harshe, ko da zuci. Misali, mai awon da gindin mudunsa ya loɓa bai sani ba, tauyewar da ya yi ba mugunyar karma ba ce. Wanda ya buga gindin mudun da hannunsa kuwa ya riga ya shuka tun kafin mai saye ya iso. Tushen mugun aiki uku ne a wurinsu, watau kwaɗayi da ƙiyayya da ruɗewa.

To, abin da ke biyo bayan aiki suna kiransa wipaka, watau nunar 'ya'yan itace. Wani yakan nuna cikin wannan rayuwa, wani a ta gaba, wani sai can da nisa, gama su sun yi imani mutum yakan mutu ya sake haihuwa ba iyaka. A nan ne hanyarsu ta rabu da ta Musulmi rabuwa mai nisa, kada kowa ya ɓoye wannan don neman zumunci. Babu Mai hukunci cikin wannan lissafi, babu ranar hisabi, babu wanda za a roƙa gafara. Aiki yana nuna ne da kansa, kamar yadda gero ke fid da gero. Har ma ba su yarda akwai ran da ke dawwama ba. Misalinsu shi ne fitilar da aka kunna daga wata fitila: wutar ta biyu ba ita ce ta fari ba, amma daga gare ta ta samu. Muradinsu na ƙarshe kuwa su fita daga wannan kewaye gaba ɗaya, shi ne Nibbana.

Mai ce mata ƙaddara ya duba wannan. An ruwaito wani mai yawon neman sani, Siwaka, ya tambayi Buda ko duk abin da mutum ke ji na daɗi da wuya sakamakon aikinsa ne na da. Buda ya ƙi yarda. Ya lissafa sababi takwas, cikinsu har da ciwon da ke tasowa daga matsarmama, da majina, da iskar ciki, da sauyin yanayi, da rashin kula da kai, da harin wani, nunar karma kuwa ɗaya ce kawai cikinsu. Har wa yau sakamako ba mudu a kan mudu ba ne. Ya ba da misalin ƙullin gishiri, wanda in an jefa shi cikin ɗan moɗa ruwan ba ya shawuwa, in kuwa cikin kogin Ganga aka jefa ba wanda zai ji ɗanɗanonsa. Attajirai za su fi gane misalinsa na biyu: matalauci akan kulle shi saboda rabin kwabo, mai dukiya kuwa ba a kulle shi a kan wannan. Watau laifi guda yakan nutsar da wanda bai gyara halinsa ba, ya taɓa mai yalwar hali kaɗan kurum. Ya kuma sa sanin yadda karma ke nuna dalla-dalla cikin abubuwa huɗu da ya ce tunani ba ya kai gare su. Ashe saurayin da ya nuna gobarar maƙwabcinsa ya ce karma ce, ya ɗauki ilimin da mai koyarwar kansa ya hana almajiransa nema da hasashe.

Amma kada in yi wa koyarwar kwalliyar da ba ta da ita. Cikin littattafansu na harshen Pali akwai inda aka ce rowa tana jawo haihuwa cikin talauci, kisa kuma yana jawo gajeren kwana. Irin wannan magana, in ta faɗa hannun mai ƙoshi, sanda ce ta dukan mai yunwa, gama zai dubi makaho da kuturu ya ce su suka jawo wa kansu. A Indiya an daɗe ana kafa hujja da karma a kan 'yan kaskantaccen asali waɗanda ba a yarda a taɓa su. Dokta Ambedkar, wanda ya fito daga cikinsu ya kuma shugabanci kwamitin rubuta tsarin mulkin ƙasar, ya shiga addinin Buda a birnin Nagpur ran 14 ga Oktoba 1956 tare da dubban ɗaruruwan mutanensa, amma ya ƙi karɓar cewa aikin wata rayuwa ne ya sa aka haife su a ƙasƙance. Ya rasu cikin Disamba na wannan shekara, mabiyansa kuwa suna nan a kan ra'ayinsa.

Saura abin da ya shafi kasuwa. Buda ya hana mabiyansa sana'a biyar: cinikin makamai, da na mutane, da na nama, da na kayan maye, da na guba. Ha'incin ma'auni da mudu kuma yana cikin abin da ya lissafa na mugun aiki. Wannan a littafi ke nan. Wanda ya taka kasuwannin Bankok ya ga nama da giya a fili, saboda haka kada farke ya ce tun da abokin cinikinsa ya yarda da karma ba sai ya ƙirga bandir ɗin atamfarsa ba kafin a ɗaure dila.